Kyamarar da Ta Kalli Ƙasa

Ranar da labarin ya iso ni, hannuwana na cikin ruwan sanyi ina yanka awara. Wayata ta yi ta ƙara a aljihun rigar aiki, ban ɗauka ba, don akwai wata mata tsaye a bakin shago. Mijinta za a sako daga gidan yari a safiyar. Ta sha kwalliya, jan baki har ya taɓa haƙorinta.

"'Yan mata, ba ni wadda ta fi fari," in ji ta. "Wannan karon in ya ci ya sake komawa ciki, ni ma na koma gidan ubana."

Muka yi dariya. Na naɗe mata, ta wuce, sannan na goge hannu na ɗauki wayar.

"Ke ce yayar Yeo Taebong?"

"Ni ce."

"Daga gidan yari ne. Ki zo asibitin gari ke da mahaifiyarku."

Na ce me ya same shi. Mutumin ya ce ƙanina ya zame a baranda jiya da yamma, kansa ya bugu, an yi iya ƙoƙari, amma rai ya yi halinsa. Na tuna na ce masa na gode. Har na sunkuyar da kai ga waya.

Ku da kuke karantawa, sunana Sunok. Makaranta ban yi nisa ba, na bari tun ina ƙarama da Baba ya rasu, don haka in kun ga maganata ta karkace ku yi haƙuri, yadda na tuna nake rubutawa. Shagonmu na kan hanyar da ke hawa zuwa ƙofar gidan yari. Daga inda nake danne awara da dutse ina hango katangar. Duk wanda aka sako, sai danginsa sun tura masa farar awara a baki kafin ya shiga mota, don ya fara sabuwar rayuwa fari fat. Da wannan Umma ta raine mu. Ba mu taɓa zaton wata rana namu zai shiga can ba, sai da Taebong ya sha giya ya fasa wa wani muƙamuƙi a kan wata magana marar kai. Saura masa 'yan watanni ya fito.

Dole in gaya muku game da Gichol, in ba haka ba ba za ku gane nauyin da ke ƙirjina ba.

Gichol, cikakken sunansa Ma Gichol, ƙaramin gandiroba ne, dogo, mai manyan kunnuwa da ke yin ja in ya ji kunya. Ya fara zuwa shagonmu da sunan sayen awara mai zafi kafin ya shiga aiki. Kullum sai ya saya, har Umma ta ce masa, "Kai yaro, ko dai kana kiwon wani abu a gida? Wane ciki ne zai ɗauki wannan?" Kunnuwansa suka yi ja. Daga baya ya faɗa min rabin abin abokan aikinsa yake raba wa, har sun fara gudunsa in suka gan shi da leda.

Ya nemi aurena a lokacin da furanni ke zuba a bakin hanya. Umma ba ta bar ni na buɗe baki ba. "Aikin gwamnati, ba ya sha, ba ya caca, ga ladabi. In kin ƙi, ni zan aure shi." Ni ma ina son sa. Ba zan ɓoye ba. Shi ne mutum na farko da ya riƙe hannuna bai ce ya yi kaushi ba. Kuma duk da doka ta hana shi kawo min labarin ciki, in zai wuce sai ya ɗan ɗaga min babban yatsa. Ma'ana ƙaninki lafiya lau.

A ɗakin makoki ya zo cikin baƙar kwat. Ya durƙusa gaban hoton Taebong, goshinsa a ƙasa, ya daɗe bai tashi ba har masu jira a baya suka fara gyaran murya. Sai ya cire kwat ya naɗe hannun riga ya shiga raba miya da shinkafa ga baƙi, yana jera takalman mutane a bakin ƙofa. Mata na ta raɗa, "Wannan ai suruki ne na gaske." Ni dai na lura bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Na ce a raina tausayina yake ji.

Bayan an gama, wata lauya ta zo shago. Mace ce 'yar siririya mai gajeren gashi, daga wata ƙungiya da ke bin haƙƙin fursunoni. Ta ce ta ga rahoton likita, kuma akwai tabo a haƙarƙari da zamewa ba ta kawowa. Ta ce gandirobobi yanzu suna maƙala kyamara a ƙirji duk lokacin da za su fito da fursuna daga ɗakinsa, kuma dangi na da damar neman a nuna musu.

Umma ta ajiye ludayi. "Mun gode. Ki sha shayi ki tafi."

"Umma."

"Me? Kina so a sa sunanmu a talabijin? A ce ga gidan ɗan fursuna? Su waye ke cin abincin rana a shagon nan? Su waye ke sayen miyarmu? Ma'aikatan gidan yarin ne. Yaron ya tafi. Ki bar shi ya huta, ki cire farin ƙyallen makokin nan daga gashinki in lokaci ya yi, ki yi aurenki."

Na raka lauyar waje. Na ce mata ina so in gani.

Da yamma na tura wa Gichol saƙo: *Na nemi a nuna min hoton kyamara.*

Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga shi: *Kin ci abinci?*

Na amsa: *Na ci.*

Shi ke nan. Kuma ga abin da ban iya faɗa wa kowa ba sai ku. A makonnin da muka yi muna jira, kullum in ina tace waken suya sai in ji zuciyata na fatan hoton ya ɓace. A ce na'ura ta lalace. A ce an goge bisa kuskure. Sai in yi kuka, in ce na yi iya ƙoƙarina, in saka farar rigar amare in auri mai jajayen kunnuwa. Ƙanina an ƙona gawarsa, tokarsa na cikin tulu a kan tudu, ni kuma ina nan ina zaɓen labulen ɗaki a cikin kaina.

Hoton bai ɓace ba.

Aka kira mu wani ofishi mai sanyi, ni da lauya. Wani jami'i mai tabarau ya ce gandirobobi uku ne suka fito da Taebong a ranar. Kyamarar babbansu, Shugaba Pyo, batirinta ya mutu. Na biyun ya manta bai kunna ba. Ta ukun ce kawai ta ɗauka.

"Ikon Allah," in ji lauya. "Batiri ma ya san manya."

Jami'in bai yi dariya ba. Ya danna.

Na ga baranda mai koren fenti. Na ga ƙanina. Ya rame, an aske masa kai, hannuwansa a ɗaure ta baya. Yana ta magana da ƙarfi kamar yadda ya saba, yana cewa cikinsa na ciwo tun safe, a kai shi wurin likita, shi ba kare ba ne. Wani mutum mai kauri, Shugaba Pyo, ya riƙe masa wuyan riga. Sai mutumin ya juyo, fuskarsa ta cika allon.

"Kai! Wa ya ce ka kunna wannan abin? Uban wa kake ɗauka? Kashe!"

Sai hoton ya fara sauka. Daga fuskar Pyo zuwa bel ɗinsa, zuwa gwiwoyinsa, zuwa ƙasa. Ya tsaya a nan. Siminti, da kan baƙaƙen takalma biyu a haɗe.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Kuskurena ne, ranka ya daɗe."

Ban buƙaci a faɗa min suna ba. Muryar da ke cewa a ba shi awara mai zafi ta gefen tukunya ce.

Ya sunkuya ne, kamar yadda kowane ƙarami ke yi in babba ya daka masa tsawa. Ka naɗe bayanka, ka kalli ƙafarka, ba ka ɗagowa sai an ce ka ɗago. Haka aka koya mana tun muna rarrafe. Wanda ya ƙera kyamarar nan ya maƙala ta a ƙirji, bai yi tunanin inda ƙirjin ƙarami ke kallo a gaban babba ba.

Ido ya tafi, kunne ya saura. Na ji ƙarar abu mai nauyi a kan jiki. Na sake ji. Na ji Taebong yana zagi, sannan ya daina zagi. Sai ya ce, "Yaya." Ba da ƙarfi ba. Kamar yadda yake faɗa yana yaro in zazzaɓi ya kama shi. Takalman nan biyu ba su motsa ba.

Jami'in ya kashe. "Kamar yadda kuka gani, ba a ga komai ba. Ƙarar na iya zama ta faɗuwa."

A waje lauya ta ja ni gefe. Ta ce, "Ƙara kaɗai ba za ta kama kowa ba. Sai wanda ke wurin ya buɗe baki ya ce ga wanda ya yi. Gandiroba na ukun nake nema. Sun ƙi ba ni sunansa."

Na ce, "Na san shi."

Ranar Lahadi Umma ta gayyaci Gichol cin abincin rana, ba ta san komai ba. Ta dafa miyar awara mai yaji da kifi, ta fito da kwanukan da ba ma taɓawa sai da biki. Ni na saka tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka, ban shafa komai ba.

"Dube ta," in ji Umma. "Kamar wadda za ta je wankin kabeji. Je ki sauya mana."

"Haka zan zauna."

Ya shigo da kwalin lemu, ya cire takalma, ya sunkuya wa Umma. Na kalli bayansa a naɗe.

"Zauna, ɗana, zauna. Ka rame. Ba sa ba ku abinci a can? Na je na ga wani ɗakin biki kusa da tasha, in lokacin kaka ya shigo..."

"Ɗago," na ce.

Ya ɗago rabi.

"Ɗago duka ka kalle ni. Na ga hoton."

Cokali ya faɗi daga hannun Umma. "Wane hoto? Ke, na ce ki bar maganar nan."

"Yana wurin, Umma. Yana tsaye. Ana dukan ɗanki yana kallon takalminsa."

Gichol ya sauka a kan gwiwoyinsa. Kunnuwansa ba su yi ja ba, fari suka yi. Ya fara naɗewa zai kai goshi ƙasa, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba.

"Kada ka sake ka sunkuya a gidan nan! Ka yi magana da bakinka!"

Ya zauna a kan dugadugansa. Ya ce, "Ya ce in kashe. Ban kashe ba."

"Sai in gode maka?"

"A'a. Ina faɗa miki abin da ya faru ne. Akwai wata 'yar jar fitila a samanta, in tana ɗauka tana ƙyaftawa. Da na sunkuya, bai ƙara ganin ta ba. Ya ɗauka na kashe." Ya ci gaba da cewa, "Kullum ina tambayar kaina, don in ɓoye fitilar na sunkuya, ko don tsoro? Sunok, ban sani ba. Ya yi tsawa, bayana ya naɗe da kansa. Da na tuna fitilar, sai na ƙi ɗagowa. Ko kuwa na ƙi ɗagowa ne sannan na tuna fitilar. Ban sani ba."

"Amma ka ga wanda ya yi."

"Ta gefen ido. Na ga ƙafarsa."

"To ka faɗa wa lauya."

Miya na ta tafasa a tukunyar ƙasa, ba wanda ya kashe wutar.

"Shugaba Pyo makarantarmu ɗaya, yana gaba da ni nesa," ya ce a hankali. "Shi ya tsaya min na samu aikin nan. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauki gaban akwatin gawar. In na yi magana, ba wanda zai ƙara zama teburi ɗaya da ni. In fursuna ya shaƙe ni a baranda na danna ƙararrawa, za su zo, amma a hankali za su zo. Kin gane?"

"Na gane. Taebong ma a hankali aka zo masa."

Umma ta buga tafin hannu a tebur. "Ya isa! Na rasa ɗa, yanzu kina so ki kore min wannan ma? Me kike so ya yi, ya kama babbansa da kokawa? Wa ya taɓa yin haka?" Tana faɗa tana huci. Sai ta juya ta kalle shi, muryarta ta ƙanƙance. "Ɗana. Taebong ya kira ni?"

Gichol ya kalle ni. Na girgiza masa kai kaɗan, ina roƙonsa ya yi ƙarya. Bai yi ba.

"Yayarsa ya kira, Umma."

Umma ta gyaɗa kai. Ta miƙe ta kashe wutar miya, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ba mu ji kuka ba. Da ma mun ji, da ya fi sauƙi.

Na raka shi bakin ƙofa. Yana ɗaure igiyar takalmi, ni ina tsaye a kansa, sai na ji bakina ya ce, "In ka yi magana, maganar aurenmu na nan. In ba ka yi ba, kada ka ƙara bin hanyar nan da sunana a bakinka."

Ya tsaya da igiyar a hannu. "Kin sa auren a ciniki ke nan."

"Na sa."

Wannan kalmar ita ce ke hana ni sakewa har yau. Na so ya yi magana don wani yaro ya mutu a gabansa. Maimakon in bar shi da wannan, sai na ɗora kaina a kan sikeli.

Bai turo saƙo ba a ranar, bai turo washegari ba. Bai wuce ta gaban shago ba, ya riƙa zagayawa ta bayan makarantar firamare. Umma ta daina yi min magana sai ta aiki: juya tukunya, kawo gishiri, rufe ƙofa. Na ce shi ke nan, na rasa ƙani, na rasa miji, gaskiyar ma ban samu ba.

Sai wata safiya lauya ta kira ni. "Ya zo ofishina da ƙafarsa, cikin kayan aiki. Ya faɗi komai, ya ambaci suna. Ya kuma maimaita a gaban masu bincike."

Na zauna a kan buhun wake. Na ce, "Ya ce wani abu a kaina?"

"Bai ambace ki ba ko sau ɗaya."

An dakatar da Pyo. Gichol kuma, kafin wata ya ƙare, aka mayar da shi wani gidan yari can kudu a bakin teku, aka ce don lafiyarsa ne. Kafin ya tafi wani ya zuba masa ruwan miya a cikin takalman aikinsa. Ma'aikatan gidan yarin garinmu sun daina cin abincin rana a wurinmu. Rabin teburanmu mun jingina su a bango. Masu zuwa tarbar 'yan'uwansu ne kawai ke saye, su ba ruwansu.

Na rubuta masa: *Don ni ka yi, ko don Taebong?*

Ya amsa bayan kwana biyu: *Wannan ma ban sani ba. In na sani zan zo in faɗa miki a tsaye.*

Ban ce ya zo ba, ban ce kada ya zo ba. Umma ta tambaye ni sau ɗaya ko a saki maganar ɗakin biki, na ce ta bari tukuna. Ta ce, "Tukuna har yaushe?" Ni ma ban san ko zan iya kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya ji muryar nan tare da ni ba. Ban kuma san ko zan iya kwana da wanda bai ji ta ba.

Kotu ba ta zauna ba har yanzu. Jiya mai kawo mana wake ya ce ya ji ana cewa za a mayar da Pyo bakin aiki kafin a zauna, wai ba su da isassun manya. Lauya ta ce tana ƙoƙarin hanawa, amma ba ta yi min alkawari ba. In ya dawo, ta gaban shagonmu zai wuce. Motocin manya duk nan suke bi.

Kowace safiya, lokacin sauya masu gadi, ma'aikatan kan hauro hanya rukuni-rukuni da jakunkunansu. Mai wankin kaya na sunkuya musu. Mai shagon taba na sunkuya musu. Umma ma na yi, ko da ba sa amsawa yanzu. Ni kuma sai in ajiye wuƙa, in goge hannu, in fito bakin ƙofa. In haɗa ƙafafuna, in miƙe bayana, in kalli fuskar kowane ɗaya. Wuyana na so ya sauka da kansa, ina jin sa yana ja. Umma na tsunkule ni ta baya tana cewa, "Marar kunya, ana kallon ki."

Ba na motsawa sai na ƙarshensu ya shige ƙofa.